Bangon Da Ya Ƙi Bushewa

Yana kan tsani ranar da ya fara ganinta. Buroshi a hannun dama, bokitin fenti a rataye, yana shafe bangon kusurwar laburare, can baya inda ake ajiye tsofaffin littattafan da ba kowa ke nema ba. Sai ya ji murya daga ƙasa.

"Malam, sannu da aiki."

"Yauwa, sannu," ya amsa bai duba ba.

"Don Allah in tambaye ka. Me ya sa bangon nan kaɗai ke shan fenti, sauran ukun ba a kula su?"

Nan ya sunkuyo. Budurwa ce siririya mai tabarau, ta rungume littattafai uku a ƙirji kamar wadda ta ɗauko jariri. Ba zolayarsa take yi ba. Da ganin idonta ka san da gaske take son ta sani.

"Danshi ne ke fitowa," ya ce.

"Daga ina?"

"Daga cikin bangon."

"To shi bangon, a ina yake samu?"

Ya dubi buroshin hannunsa kamar amsar na jikinsa. Fenti ya ɗiga masa a takalmi, bai ma lura ba.

Dogo ake ce masa, don in zai shiga ɗakin ajiyar kaya sai ya sunkuya. Shi ne mai kula da gine-ginen ɓangaren gabas na kwalejin: laburare, azuzuwa shida, da ɗakunan da ke saman bene. Famfo ya lalace, shi. Wuta ta ɗauke a aji, shi. Ƙofa ta ƙi kulluwa, shi za a nema. Karatunsa bai yi nisa ba, a hannun wani tsohon maigida ya koyi aikin, da maigidan ya yi ritaya aka miƙa masa makullai.

Ita kuma watanta biyu da fara aiki a laburaren. Auta ake ce mata a gida, sunan ya biyo ta har wurin aiki.

Tun daga ranar, abubuwan laburare suka riƙa lalacewa fiye da na ko'ina a kwalejin, aƙalla a idon Dogo. Yau ya zo duba taga, gobe ya zo ɗaure ƙafar kujerar da ba ta ce wa kowa tana ciwo ba. Auta na gani, sai ta riƙa tanadar masa tambaya.

"Malam Dogo, makullan nan nawa ne a ƙugunka?"

"Arba'in da bakwai."

"Kuma ka san kowanne?"

"Ko ido a rufe."

"To rufe."

Ya rufe ido, ta zaɓi ɗaya ta sa masa a tafin hannu. Ya shafa haƙoransa da ɗan yatsa.

"Na banɗakin malamai ne, na sama. Sai an ɗan ɗaga ƙofar kafin ya juya."

Ta yi dariyar da sai da wani ɗalibi ya ɗago kai daga littafi. Ta rufe baki da sauri, ita da ke hana mutane surutu.

A mako na shida ya nemi lambarta, wai don in wani abu ya lalace ta sanar da shi kai tsaye. Da yamma saƙonta ya shigo.

"Malam Dogo, ba abin da ya lalace. Ina so in ji ko ka isa gida lafiya."

Ya daɗe yana rubutawa yana gogewa, don shi rubutu ba ya masa sauri kamar guduma. A ƙarshe ya tura:

"Na isa lafiya, 'yar tambaya. Amma ni akwai abin da ya lalace a wurina tun ranar da na sauko daga tsani. Kuma ban san gyaransa ba."

Ta mayar masa: "Ka bar shi haka, Dogona. Ba kowane abu ake gyarawa ba."

To, abu ya yi nisa. Ya je gidansu sau biyu, ya gaida mahaifiyarta, Umma, wadda ta ce da 'yarta bayan ya tafi, "Yaron nan akwai kunya. Sai dai in kun yi gida ku sa a ɗaga ƙofofi."

Mahaifinta ne bai ce komai ba.

Abba ya yi shekara talatin da ɗaya yana shugabancin sashen ayyuka a wata jami'a kafin ya yi ritaya. Yana cikin mutum biyar da suka kafa ƙungiyar masu kula da gine-ginen manyan makarantu, can kowa Dattijo yake ce masa. Mutum ne da in ya shiga gidanka, kafin ya zauna ya riga ya san wane famfo ke ɗiga.

Wata ranar Laraba, ba tare da ya gaya wa kowa ba, sai ga shi a laburare.

"Abba, lafiya?"

"Lafiya lau. Na zo in ga inda kike aiki."

Amma ba teburinta ya duba ba. Ya buɗe ƙofa ya rufe sau biyu, ya gyaɗa kai. Ya shiga banɗaki ya murɗa famfo, ya fito yana gyaɗa kai. Ya duba tagogi. Har Auta ta fara murmushi, sai ya isa kusurwar baya. Ya ɗora tafin hannunsa a bango, ya daɗe. Sannan ya sa farce ya ɗan ɓantari fentin ta ƙasa, ya kawo kusa da ido.

"Uku," ya ce.

"Me ne ne uku, Abba?"

"Sai kin dawo gida."

Da yamma ya kira ta, Umma na zaune a gefe tana ninke kaya.

"Auta, yaron nan hannunsa na da kyau. Na ga ƙofofinsa, na ga famfunansa, ba zan zalunce shi ba. Amma bangon nan ciwo gare shi a ciki, shi kuma sau uku yana rufe ciwon da fenti. Na tambaya a ƙungiya, ba wanda ya san shi, ba wanda ya taɓa zuwa wa da tambaya. Shekara biyar yana riƙe da makullai."

"Abba, bango ne fa kawai."

"Ni na san bango ne. Mutumin da abu ya fi ƙarfinsa ya gwammace ya rufe da ya ce ban sani ba, ranar da gidansa ya yi ciwo haka zai yi. Kuma ke ce a ciki. Ban yarda ba."

Umma ta ce, "Malam, kai ma dai. Aure ake nema, ba kwangila ba."

"Kwangila ai a kan soke ta."



Akwai kuma wanda Abba ke so, ko da bai faɗa da baki ba. Sakataren ƙungiyar ne, injiniya mai digiri biyu da mota fara, wanda kullum yake kawo wa Dattijo takardu ya sa hannu, kuma takardar da za a sa wa hannu a minti biyar sai ta ci awa biyu in Auta na gida. Ba mugun mutum ba ne. Illarsa ɗaya, in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya faro maka daga yadda aka ƙera agogo.

Washegari Auta ta gaya wa Dogo komai, ba ta rage ba. Suna tsaye a ƙofar ɗakin ajiyar kayansa. Ya riƙa juya makullai.

"Na duba kwanon rufi," ya ce a hankali. "Na duba indararo. Na duba zanen ginin, ba bututun ruwa ko ɗaya a bangon nan. Ko damina ko rani, jiƙewa yake yi. Me ake so in yi?"

"Ka tambaya."

"Wa?"

"Ƙungiyar nan. Ba don haka aka kafa ta ba?"

"Wannan ta masu digiri ce, Auta. Su zauna su yi ta Turanci. Ni maigidana abu ɗaya ya nanata mini: duk ranar da ka bari aka san ba ka sani ba, ranar za a fara neman wanda zai karɓi makullanka."

"To shi maigidan naka, ya san ciwon bangon?"

Ina zai sani, bayan fenti na farko ma maigidan ne ya sa Dogo ya shafa.

Bayan kwana biyu yana fitowa daga azuzuwa sai ya hango farar mota a bakin ƙofar kwaleji. Sakatare ya jingina da ita, Auta na tsaye gabansa. Ya miƙa mata ambulan, ta karɓa da hannu biyu tana dariya, har tana ɗan rusunawa.

Dogo ya juya ya koma ɗakin ajiya. Ya jera gwangwanayen ƙusa da suke a jere tun jiya.

Saƙonta ya shigo da rana: "Dogona, yau ban gan ka ba. Ko tagogina sun warke ne?"

Bai amsa ba.

Washegari: "Kujera ta karye. Da gaske nake wannan karon."

Ya tura kafinta.

A rana ta huɗu: "Na ga kafinta, na gode. Amma ba shi na nema ba."

A rana ta biyar ba ta turo saƙo ba, ita ta zo da kanta. Ta same shi yana ware wayoyin lantarki. Ta ajiye ambulan ɗin a kan benci, daidai gabansa.

"Buɗe."

"Ba nawa ba ne."

"Kai dai buɗe."

Ya buɗe. Fom ne na shiga ƙungiya, shafi biyu. An riga an cike sunansa da wurin aikinsa da rubutunta mai kyau. Saura sa hannu.

"Awa ɗaya da rabi na tsaya a rana ina jin tarihin ƙungiya tun daga kafuwarta," ta ce, "don in karɓo maka wannan. Har tsarin mulkinsu sai da aka karanta mini. Kai kuma ka turo mini kafinta."

Kunya ta rufe shi. "Na ga kina masa dariya."

"Cewa ya yi zai taƙaita. Kai ba za ka yi dariya ba?"

Ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai. "Ki yafe mini, 'yar tambaya."

"Ka ga abin da Abba yake faɗa? Kwana biyar abu na cin ka, da ka tambaye ni minti ɗaya ya isa." Ta tura masa biro. "Duba layi na bakwai. Ba a ce digiri ba. Cewa aka yi shekarun da ka yi kana aikin."

Ya duba. Haka ne kuwa. Ya sa hannu.

Ranar Asabar ta farkon wata ƙungiyar ke zama, kowane wata a wata makaranta. Wannan karon a kwalejin koyon aikin jinya ne, can ƙetaren gari. Dogo ya sa rigarsa mafi kyau, ya bar makullai a gida, sai ya riƙa jin ƙugunsa wayam kamar ya manta wando.

Abin da ya tarar ba shi ya zata ba. Ba a fara da jawabi ba. Mutum kusan arba'in suka bi bayan mai masaukinsu, wata mata mai jiki da kowa ke ce wa Anti, tana zagayawa da su cikin makarantar. A leƙa ɗakin janareto, a buɗe murfin kwata, a hau a duba tankin ruwa. Wani ya ce wannan bawul ɗin rufe ruwa a juye aka sa shi, wani ya ce ƙarya ne, suka tsuguna su biyu suna gardama har aka wuce aka bar su.

Dogo ya riƙa bi yana buɗe ido. Ya ga yadda Anti ta rataya wa kowane bawul ƙaramin allo mai lamba, har sabon ma'aikaci ma zai san wanda zai rufe in bututu ya fashe. Shekara biyar shi a kansa yake riƙe da nasa. Ya matsa kusa da wani gajeren mutum mai furfura.

"Ranka ya daɗe, allunan nan, ruwa ba ya goge lambar?"

"Ƙona ta ake yi da ƙarfe mai zafi. Sabo ne kai?"

"Yau na fara zuwa."

"Ni da shara na fara aiki, yanzu gine-gine goma sha tara ne a hannuna. Rabin abin da na sani a nan na tsinta. Ka riƙa tambaya, ba a biyan haraji a kanta."

Bayan zagaye aka shiga zaure. Sakatare ya hau kujerar gaba da rajista. Abba na zaune a layin farko, sandarsa tsakanin gwiwoyi, ko waiwayowa bai yi ba. Aka zo abin da suke kira zaman matsala: duk wanda wani abu ya gagare shi a wurin aiki ya tashi ya faɗa.

Wani ya tashi a kan jemagu a silin. Wata ta tashi a kan famfon da ɗalibai ke karyawa duk zango. Sakatare ya dubi zaure.

"Akwai saura?"

Dogo ya dubi zauren. Ga mahaifin Auta, ga wanda ke neman Auta, ga baƙi arba'in. Maganar maigidansa ta dawo masa. Amma ya ga in ya koma gida da bakinsa a rufe, to ya rufe ke nan har abada. Ya miƙe, kuma mutum mai tsawonsa in ya miƙe ba ya ɓoyuwa.

"Ina da bango a laburare. Shekara biyar yana jiƙewa, damina da rani. Na duba kwano da indararo, ba komai. Zanen ginin bai nuna bututu a ciki ba. Sau uku ina shafe shi da fenti. Ban san abin da ke damunsa ba."

Sai gajeren nan mai furfura ya ce, "Uku kawai? Ni biyar na yi wa nawa kafin in zo nan. Har mai sayar da fenti ya ba ni kalanda."

Zaure ya ɗauki dariya, amma ba irin wadda Dogo ya ji tsoro ba ce.

Anti ta juyo da kujerarta. "Ƙanena, yaushe yake jiƙewa?"

"Kullum, Anti."

"Ba bangon da ke jiƙewa kullum daidai wa daida. Wace rana ya fi, wace rana yake ja da baya?"

"Ban taɓa lura ba."

"To ka kankare fentin nan duka. Ka samu fensir. Kowace safiya ka zagaye bakin danshin, ka rubuta kwanan wata. Mako uku. Bango na magana, a hankali dai yake yi."

Sakatare ya rubuta a rajista, ya ce za a sa shi a guruf ɗin waya na ƙungiya, ya riƙa turo hoto. Da aka tashi Dogo ya je ya durƙusa ya gaida Abba, tsohon ya amsa da "Lafiya lau," ya wuce.

Ranar Litinin Dogo ya kankare bangon har filasta ta fito, baƙa-baƙa, ga fumfuna. Auta ta ce fensir nata ne, tunda ita ke buɗe laburare kafin kowa. Kowace safiya sai ta tsuguna ta ja layi, ta ɗauki hoto ta tura masa.

"Talata. Ya ƙaru da yatsa biyu. Ka karya kumallo?"

"Laraba. Yatsa uku. Dogona, abin nan kamar mai rai."

"Juma'a. Ya kusa taɓa kanta. Na kwashe littattafan."

Sai ranar Litinin ta biyu: "Zo ka gani. Ya ja baya."

Ya zo da sauri. Suka tsuguna tare gaban bangon, kafaɗa kusa da kafaɗa, suna bin layukan da ido kamar masu karatun taswira.

"Ruwan da ke hutun Asabar da Lahadi," Auta ta ce. "Wane irin ruwa ne wannan? Ma'aikacin gwamnati ne?"

Dogo ya yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi silin.

"Me ke saman nan?" ta tambaya.

"Ɗakin kwamfuta. Ba famfo a ciki, ba banɗaki. Amma akwai na'urar sanyaya ɗaki guda uku. Litinin zuwa Juma'a suke aiki."

"Suna da ruwa ne?"

"Suna zubar da ruwa. Kowacce da siririn bututunta."

Ya fita ya zagaya bayan ginin, tana biye. Ga bututu ɗaya yana ɗiga a ƙasa. Ga na biyu, har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsa. Suka duba sama, suka duba ƙasa. Babu na uku.

Ya ɗauki hoto ya tura guruf, ya rubuta: "Na'ura uku, bututu biyu." Kafin minti goma Anti ta amsa: "Nemi na ukun, ƙanena." Sakatare ma ya turo dogon bayani, amma a tsakiyarsa akwai magana mai amfani: tun da bayan an gama ginin aka sa na'urorin, ba za a ga bututunsu a zane ba, ya fara fasawa daga sama daidai ƙasan na'urar, kada ya ɓata bangon duka. Dogo ya rubuta masa, "Na gode, Injiniya." Kuma har zuciyarsa ya gode.

Da ya fasa, taku biyu ƙasa da silin ya samu bututun na uku. Wanda ya sa na'urar tun da can ya binne bututun a cikin bango don kada ya ɓata kyan gini, mahaɗar ta tsage, ruwa na tsiyaya cikin bulo tsawon shekaru, ɗigo bayan ɗigo. Dogo ya fitar da sabon bututu ta waje, inda ido zai riƙa ganinsa. Aikin bai kai awa biyu ba.

Shugaban laburare ya zo ya ga bango a kankare, ga rami an cike da siminti, ga zanen fensir.

"Madalla. To gobe a shafa fenti, muna da baƙi mako mai zuwa."

"Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri. Ruwan shekaru ne a ciki. In na rufe yanzu, fentin zai kumbura mu koma gidan jiya."

"Baƙi su ga wannan?"

"In suka tambaya, ni zan yi musu bayani."

Shugaban ya yi tsaki ya tafi. Auta na bayan kanta tana jera littattafai, ta ɗaga masa babban yatsa ta tsakanin littafi biyu.

A zaman wata na gaba Dogo ya tashi ya ba da rahoto, aka riƙa miƙa wayarsa hannu zuwa hannu ana kallon hotuna. Mutum biyu suka ce suna da bango irin wannan, za su je su ƙirga bututu. Har zai zauna, sai Abba ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya.

"Ka shafa fenti?"

"A'a, Dattijo. Bai gama bushewa ba."

"Sai yaushe zai bushe?"

Dogo ya so ya ce mako biyu, don a ga ya san aiki. Ya dubi tsohon.

"Ban sani ba, Dattijo. Ban taɓa busar da bango irin wannan ba. Dama ina so in tambaya yadda ake ganewa."

Abba ya daɗe yana kallonsa.

"Ka manna leda a jikinsa, ka liƙe gefenta huɗu, ka bar ta kwana ɗaya. In ka ga raɓa a ciki, da saura. In ta fito a bushe, ka shafa." Ya gyara sandarsa. "In an tashi ka same ni a waje."

A waje, ƙarƙashin wata bishiya, Abba ya tsaya yana kallon motoci na fita.

"Kana da manya?"

"Akwai kawuna da yayana."

"Ka turo su."

Dogo ya durƙusa yana godiya. Abba ya ce, "Tashi, kar ka ɓata wando. Ko a durƙushe ka kusa kai ni tsawo."

Bai iya jira ya isa gida ba, a bakin titi ya tura saƙo:

"'Yar tambaya, Abba ya ce in turo manya. Yau ni ke da tambaya. Za ki aure ni?"

Amsar ta zo kafin ya mayar da waya aljihu:

"Shekara nawa zan jira ka iya tambaya, Dogona? Eh. Eh sau arba'in da bakwai."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. 'Yan ƙungiya suka cika mota biyu suka zo. Sakatare ma ya zo, ya riƙe hannun ango ya ce zai yi gajeren jawabi, Anti ta ja shi ta zaunar ta sa masa faranti a gaba. Ba a jima ba sai ga mutum shida a tsakiyar zauren biki sun ɗaga kai sama suna gardama a kan wata tsaga a silin, amarya na wucewa ba su gani ba, har sai da Umma ta zo ta ce, "Bayin Allah, yau dai ku bar gini ya huta."

Da yamma, da za a tafi da amarya, Abba ya kira su biyun ɗakinsa. Ya yi ta gyara hular da ba ta karkace ba.

"Ita ce ƙarama," ya ce da Dogo. "Tun da aka haife ta gidan nan bai taɓa yin shiru ba. Gobe zai yi." Ya yi gyaran murya. "Ka riƙa kawo ta."

"In sha Allahu, Abba. Duk mako."

Auta ta sa kai a gwiwar mahaifinta tana kuka a hankali. Ya ɗora mata hannu a ka, ɗaya hannun ya miƙa ya dafa kafaɗar Dogo.

"Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya ba ku haƙuri da juna, Ya ba ku zuri'a mai jin ƙai. Ku tashi ku tafi, mota na jira."

Suka fito, Umma na bin su da addu'a har bakin ƙofa. Mu ma da muka ga farkon abin muka ga ƙarshensa, amin muka ce. Allah Ya zaunar da su lafiya, Ya sa su tsufa tare.